Keken Buronya: wanne za a saya wa yaro, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'ar Kumasi. Disamba ta kawo kai, kuma tambaya ɗaya ce iyaye ke ta turowa ta bayan fage. Yaro ya kwashe watanni yana nacin keke, an ce masa sai Buronya, wato Kirsimeti, ga Buronya ta ƙarato. A gidan haya ɗaya akwai Musulmi akwai Kirista, ɗan wannan ya ji an yi wa ɗan wancan alkawari, shi ma ya kama nasa kukan. To masu sani su taimaka. Sabo a kwali ko na hannu? Wane girma? Me ake dubawa? A bar talla don Allah.

Masta Mai Keke, Aboabo: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga sabo ko na hannu, a fara da girma, don nan ne iyaye suka fi faɗawa rami. Keken yara ana kiransa da faɗin wilinsa ne a inci: 12, 14, 16, 18, 20, 24. A ƙiyasce, yaro mai tsayin santimita 85 zuwa 100 inci 12 ne nasa. Daga 105 zuwa 120, inci 16. Daga 115 zuwa 135, inci 20. Daga 130 zuwa 150, inci 24. Shekaru kar a dogara da su, ɗan shekara bakwai wani ya fi wani da tsawon hannu guda. Awon da ya fi kowanne shi ne na cikin ƙafa. A tsayar da yaro jikin bango da takalminsa, a sa littafi tsakanin cinyoyinsa a ɗaga sama, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Idan ɗan koyo ne, tsayin sirdi daga ƙasa ya zo daidai da wannan awon, yadda in ya zauna tafin ƙafarsa biyu za su kwanta a ƙasa. Idan ya riga ya iya, a ɗaga sirdin da santimita 3 zuwa 5. Je kasuwa da tef a aljihu, ka sauke sirdi ƙasa ƙarshe, ka auna. In ya fi awon yaronka, wuce gaba.

Ɗan Kasuwa, Kejetia: Masta, ka yi haƙuri, amma ba kowa ke da kuɗin canza keke duk shekara biyu ba. Mutum ya sayi inci 20 wa ɗan shekara biyar, zai girma ya same shi. Haka ake yi da takalmi da yunifom, me ya sa keke zai bambanta?

Masta Mai Keke, Aboabo: Maigida, takalmi in ya yi yawa ana cusa takarda a ciki. Keke in ya yi yawa me za ka cusa? Abu uku ke faruwa. Ƙafa ba ta kai ƙasa, to duk tsayawa faɗuwa ce. Hannu ba ya kai hannun birki da kyau, don an ƙera shi ne wa tafin da ya fi nasa. Sannan nauyi. Keken ƙarfe mai inci 20 sau da yawa yana kai kilo 12 zuwa 14, ɗan shekara biyar kuma bai fi kilo 18 ko 20 ba. Ka ɗauka babba mai kilo 70 aka ba shi keke mai kilo 45 aka ce ya hau tudun Manhyia da shi. Yaron zai faɗi sau biyu sau uku ranar 25, ranar 26 ya jingine shi a bayan ɗaki. Kafin ya girma ya same shi tsatsa ta riga shi. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi ita ce a sayi daidai, a kula da shi, bayan shekara biyu a sayar a cika a sayi na gaba, ko ƙane ya gada.

Tela, Sabon Zongo: Masu son su ba yaro mamaki, ga hanya mai sauƙi. Ai dama za a kawo shi awon kayan biki. Ku raɗa wa tela ya ƙara awon cikin ƙafa har ƙasa, da tsayi, da kewayen kai a saman gira, ya rubuta muku a takarda dabam. Yaro ba zai gane komai ba. Sai dai a faɗa wa telan har ƙasa ake so, don awon wando yana tsayawa ne a idon sawu, kuma bambancin ya kai santimita 5 ko fi.

Hajiyar Susu: Tela ka burge ni. Ni maganar kuɗi zan yi. Wanda ya ce wa yaro "sai Buronya" tun watan takwas, ranar ya kamata ya buɗe katin susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum. Misali kawai, sidi 10 kullum daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba kwana 91 ne, sidi 910. Mai karɓar susu yana ɗaukar zubin kwana ɗaya kowane wata, ka cire 30, saura 880. A nan mutane ke kuskure, su zuba duka a kan keken. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na gyara, hular kwano, kwaɗo da famfo. Kuma a saya kafin Ranar Manoma, wadda aka saba yi Juma'ar farko ta Disamba. Daga tsakiyar wata kasuwannin Adum da Kejetia ba masaka tsinke, mai kaya ba ya sauraron tayi, kuma masu kyau an riga an tsince. Na ranar 24 ragowa yake saya da tsada.

Ticha, Asawase: Hajiya, a ƙara da wannan: kar a yi alkawarin da ba a lissafa ba. Yaro ba ya manta rana. Ana komawa makaranta a Janairu tambayar farko a aji ita ce me aka saya maka. In kuɗin bai kai ba, a faɗa masa tun farkon Disamba, a sa wata rana ta gaske, ko ƙaramar Salla ko ranar haihuwarsa, a nuna masa katin susun ya ga inda aka kai. Ya fi a bar shi ya tashi da asuba yana leƙa bayan ƙofa.

Baba, Yalwa: Yaran da ba su san wannan dogon buri ba. Buronya a unguwa ita ce bukkar ganyen kwakwa da yara ke ginawa a bakin gida, hular takarda, tabarau na roba, biskit ɗin Piccadilly, shinkafa da kaza daga maƙwabta, a bi gida-gida ana "Afehyia pa". Keke kuwa na manya ne, mai zuwa aiki. Ban ce kar a saya ba. Amma wanda bai saya ba kar ya ɗauka ya gaza.

Mai Kula da Zaure: Allah ya ƙara girma Baba. Masta, mu koma kan sabo da na hannu.

Masta Mai Keke, Aboabo: Amin. Sabo iri biyu ne. Akwai na kamfanin kirki, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, akwai kuma mai ƙyalli mai araha da ke cika shaguna a Disamba, da kwando da hoton katun da fitila mai waƙa. Na biyun nan a duba shi da kyau. Ƙananan, musamman inci 12, da yawa tayarsu soso ce ba iska, wilin roba ne, kuma a inda ya kamata a sami boris roba aka sa. Wata biyu a kan tsakuwar lungu sai wili ya fara rawa, kuma babu abin da za a canza. Gane shi ba wuya: nemi bawul a wili, in babu, soso ne. Matsa hannun birki da ƙarfi, in ya lanƙwashe kamar cokalin roba, bar shi.

Na hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira homyus, yana shigowa ta tashar jirgin ruwan Tema daga Japan, Turai da Amurka. Ƙarfensa ya fi kyau sau da yawa, amma ka sani ka sayi aikin gyara tare da shi. A ra'ayina na hannu mai lafiyar firam, da aka yi wa sabis, ya fi sabon araha nesa ba kusa ba.

Ɗan Kasuwa, Kejetia: Nan ma ban yarda duka ba. Yaron da ya shekara yana mafarki so yake ya ga leda a jiki, ya ji ƙamshin sabo. Ka kawo masa mai ƙujewar fenti da sunan wani yaron Bature a jiki, kana ganin fuskarsa za ta faɗi.

Tela, Sabon Zongo: Wannan gaskiya ce, amma tana da magani. Sabuwar robar hannu, sabuwar ƙararrawa, sabon sirdi in tsohon ya yage, a wanke a goge, a cire tsofaffin sitika da ɗan kananzir a tsumma. Idon yaro a kan launi da ƙararrawa yake. A tambayi launin da yake so ta bakin yayarsa.

Mai Walda, Magazin: Bari in shigo kan firam, tunda mu ake kawo wa in ya karye. Ka tafi da ɗan maganaɗisu. In ya manne, ƙarfe ne, ko ya tsage nan Magazin, unguwar makanikai ta Suame, za a ɗinke shi. In bai manne ba, alminiyom ne: ya fi sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, amma in ya tsage waldar bakin titi ba ta kama shi, kuma ko an sami mai injin da ya dace wurin ba ya komawa ƙarfinsa na da. Don haka alminiyom mai tsaga ko ta kai siririn gashi, kar ka saya ko kyauta ne. Inda za ka duba: bayan wuyan keke, ƙarƙashin bututun da ya gangara zuwa feda. In fenti ya yamutse a nan ko ya yi ƙunci kamar fatar tsoho, keken ya taɓa cin karo ta gaba. Tsaya a gefe ka kalli fok, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe wilin gaba, ya kamata ya bi layin wuya ya ɗan karkata gaba. In ya koma baya wajen firam, ya lanƙwashe. Akwai kuma gwajin zare. Ɗaura zare a inda wilin baya ke zama ta dama, zagayo da shi ta gaban wuya, dawo ka ɗaure ta hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita 3 ko 4, firam ya karkace, keken zai riƙa ja gefe guda.

Masta Mai Keke, Aboabo: Madalla da Masta na Magazin. Ga sauran abin dubawa a gaban mai sayarwa, duka bai wuce minti goma ba.

Kwance notin sirdi ka juya sandar. In ta ƙi motsi ta ci tsatsa ta manne, kuma keken yaro da sirdinsa ba ya hawa ba ya sauka bai da amfani. Ɗaga gaba ka juya wili, ka sa ido a tazarar rim da robar birki. Rawa kaɗan ana gyara ta da sifok, wato wayoyin cikin wili, amma in rim ya yi ƙusumbi yana tsalle sama da ƙasa, sai sabo. Matsa sifok bibbiyu da yatsu ka ji ko akwai sako-sako ko karyayye. Kama wili ka girgiza shi gefe da gefe, in yana ƙwas-ƙwas boris ya saki ko ya cinye. Haka za ka yi wa hannun feda. Sannan riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya yana bugawa shi ma yana son ɗauri.

Boris ba abin tsoro ba ne, araha ne. Galibi hob ɗin gaba, wato cibiyar wili, yana cin ƙwaya 10 kowane gefe masu girman inci 3/16, na baya ƙwaya 9 masu 1/4. Abin da za ka ce wa mai gyara ya nuna maka shi ne kwanon da ƙwayoyin ke gudu a ciki. In ya yi rami-rami, sabon boris da giris ba za su hana shi gurnani ba.

Sai taya, kuma a nan a buɗe kunne. Lambar inci tana yaudara. A gefen kowace taya akwai wata lamba kamar 47-406 ko 47-305. Ta biyun ita ce faɗin rim a milimita, ita ce gaskiya. Inci 16 na yau da kullum 305 ne, inci 20 kuma 406, inci 24 shi ne 507. Amma akwai inci 20 mai 451, akwai inci 24 mai 540, wanda ake rubutawa 24 x 1 3/8. Taya mai 24 x 1.75 ba za ta hau wannan rim ɗin ba ko za ka kwana kana dannawa. Kekunan yara na Japan kuma suna yawan zuwa da inci 18 da inci 22. Kafin ka biya, ɗauki hoton lambar ka zagaya wurin masu kayan keke ka tambaya ko suna da taya da tiyub ɗinta. In biyu uku sun girgiza kai, ka bar keken nan komai kyansa.

Nas, Tafo: Masta, me ya sa wasu na Japan ɗin iska ke sauka cikin dare alhali babu huji?

Masta Mai Keke, Aboabo: Bawul ne, Anti. Nasu ba irin na mota ba ne. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da aka sa wa siririyar roba kamar tsutsa, ita ke tare iska. Zafi da daɗewa suna cinye ta. Kwance notin bawul, zaro ƙarfen, canza robar, shi ke nan, ba sai an taɓa tiyub ba. Mutane da yawa suna biyan kuɗin faci a banza. Wanda ke son hutu ya sa tiyub mai bawul irin na mota, sai dai ramin rim na iya son a duba ko ya dace. Kuma a kiyayi injin iskar mai facin mota. Tayar inci 12 ko 16 tana cika cikin daƙiƙa biyu uku, kafin ya ɗaga hannu ta fashe. Adadin iska yana rubuce a gefen taya, na yara galibi tsakanin 30 da 40 ne a ma'aunin PSI. Famfon hannu ya wadatar.

Ticha, Asawase: To wanda ya riga ya sayi na kwali fa? Wasu sun ɓoye shi a saman wadirof sai daren 24 za su haɗa.

Masta Mai Keke, Aboabo: Su sauke shi yau. Daren 24 in noti ɗaya ya ɓace ina za ka samu? Ranar 25 da 26 duka hutu ne, shaguna da yawa a rufe. Kayan aiki: sifana 15 na wili da feda, sifana 10 na birki, alanki 5 da 6, sukundireba, filaya, ɗan giris. Kurakuran da ake maimaitawa kowace shekara ga su.

Fok a juye. A cikin kwali ana juya shi baya don ya shiga, mutane su ɗaura kan keke a haka. Birkin gaba ya kasance a gaban fok, wili ya ɗan fita gaba. In an bar shi a juye, ƙafar yaro na taɓa taya a kwana, keken kuma ba ya tafiya miƙe.

Feda. Akwai R a ta dama, L a ta hagu, a jikin ƙarfen. Ta dama tana ɗauruwa kamar kowane noti. Ta hagu a juye take, ana ɗaure ta ne ta hannun hagu. Fara da yatsu, zagaye uku huɗu, da ɗan giris. In ta yi tauri tun farko, tsaya, ka sa ba daidai ba. Wanda ya danna da sifana ya cinye zaren, sai sayen sabon hannun feda. In za a sayi feda dabam a tafi da tsohuwar, don kauri biyu ne, 1/2 da 9/16, ba sa shiga wa juna.

Sandar sirdi da ta kan keke kowacce tana da layi da aka zana. Layin nan dole ya shige cikin firam. In ya fito fili, sandar na iya karyewa ko ta fasa bututun.

Robar birki ta zauna a kan rim, da tazarar milimita 2 zuwa 3, kar ta taɓa taya. In tana gogar taya, cikin mako guda za ta yanka gefenta. Sarƙa kuma, a tsakiyarta ta iya motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. Ta fi haka za ta riƙa faɗuwa, ta kasa haka feda za ta yi nauyi.

Ko ka haɗa da kanka, kai wa mai keke ya bi bayanka. Wili na kwali kusan kullum yana zuwa da boris a matse da giris kaɗan.

Mai Walda, Magazin: Ƙari kan birki. Na Amurka da na Jamus da yawa birkin bayansu a feda yake, ana taka baya ya tsaya. Akwai wani ɗan hannun ƙarfe da ke fitowa daga hob ta hagu, dole a ɗaure shi a jikin firam da maɗaurinsa. In ya kwance, birki ba ya kamawa yadda ya kamata kuma hob na iya warwarewa. Sannan irin wannan, in sarƙa ta faɗi birki ya tafi gaba ɗaya. Kumasi gari ne na hawa da gangara, don haka a tabbata akwai birkin hannu a gaba ma.

Masta Mai Keke, Aboabo: Haka ne. Kuma a lura wane hannu ke kama wane wili. Na Japan da Ingila dama ce gaba, na Amurka da yawancin Turai hagu ce gaba. Yaron da ya saba da keken abokinsa ya hau nasa ya damƙe gaba a gangara yana zaton baya ne, sai ta ka. A nuna masa tun ranar farko. A jikin hannun birki akwai ɗan sukuru da ke matso da shi kusa da robar hannu, a juya shi har yatsun yaro su kai ba tare da ya saki kan keke ba. Na Japan masu birkin baya kamar gwangwani a jikin hob suna ƙara kamar akuya, kar a zuba musu mai don su yi shiru. Za su yi shirun, amma ba za su ƙara kamawa ba.

Nas, Tafo: Ni abin da ke kai yara asibiti zan lissafa, don a toshe tun a gida. Na ɗaya, bakin kan keke da babu murfi. In robar hannu ta huje ƙarfen ya leƙo, yaro ya faɗi a kai da ciki, raunin na iya zama a ciki inda ido ba ya gani. A canza robar ko a toshe bakin. Yaron da ya faɗi haka ya fara ciwon ciki ko amai ko jiri, a kai shi asibiti a ranar, kar a tsaya shafa man zafi. Na biyu, goyon ƙane a kariya, diddige ya shiga sifok. Yana yage fata har ƙashi. A hana goyo kwata-kwata. Na uku, doguwar riga, jallabiya, hijabi mai tsawo ko igiyar takalmi a cikin sarƙa. Keken yarinya musamman ya zo da murfin sarƙa, in za ta hau a sa mata wando da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga. Silifas kuma a ajiye, a sa takalmi rufaffe.

Hular kwano a saya da awon da tela ya bayar, ana rubuta girman a ciki, kamar 48 zuwa 52 ko 52 zuwa 56. Ta zauna daidai, yatsu biyu a saman gira, igiya a ƙarƙashin haɓa yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga. Ita kam kar a sayi ta hannu, don soson ciki in ya taɓa shan bugu ya gama aiki ko bai nuna ba.

Ɗan Kasuwa, Kejetia: Tayoyin koyo na gefe fa? Iyaye ba sa sayen keken da babu su.

Ticha, Asawase: Su ne ke jinkirta koyo. Yaro yana jingina a kansu, yana koyon karkata ta inda bai dace ba, ranar da aka cire sai a koma farko. A lungunanmu ma sun fi haɗari: tayoyin gefe su hau tudu biyu, tayar baya ta rataye a sama tana juyawa a banza, birkin baya ya daina aiki. Hanyar da ta fi: cire feda biyu, sauke sirdi, a bar shi ya riƙa tura keken da ƙafa yana ɗaga su. In ya iya tafiyar mita goma ƙafa a sama, ya iya tsayawa da birki, a mayar da feda. Babba ya riƙe kafaɗar yaro ko bayan rigarsa, kar ya riƙe kan keke, kuma a ce masa ya kalli gaba ba taya ba. Yara da yawa kwana biyu uku sun gama. Filin makaranta ya fi ko'ina tunda an yi hutu, a nemi izinin mai gadi. Bakin titi a makon Buronya, da babura masu taya uku, pragya na fasinja da aboboya na kaya, da kwata a buɗe, ba wurin koyo ba ne.

Masta Mai Keke, Aboabo: Ticha ya faɗi daidai. Wanda ya nace sai da su, to kar su taɓa ƙasa su biyu lokaci guda, a ɗaga kowacce kamar santimita 1, a riƙa ƙarawa duk mako.

Hajiyar Susu: Masu saye ta intanet, kar a tura MoMo, wato kuɗi ta waya, kafin a ga kaya. A haɗu da rana a wurin jama'a. Na hannu kuma in farashin ya yi arahar da ba ta da dalili, a tambayi inda ya fito, kar yaro ya fita da shi wani ya ce nasa ne. A karɓi rasit. A kifa keken, ƙarƙashin inda feda ke juyawa akwai lamba a jikin ƙarfe, a ɗauki hotonta a ajiye.

Baba, Yalwa: Gidan da yara suka fi ɗaya a yanke hukunci tun kafin keke ya shigo: na wane ne, wa zai hau bayan wa. In ba haka ba ranar biki za ta koma shari'a.

Tela, Sabon Zongo: Masta, man keken ɗinki yana yi wa sarƙa? Shi ne a kusa da mu.

Masta Mai Keke, Aboabo: Yana yi, ya ma fi baƙin mai da ake ɗebowa wurin makanikin mota. Hunturu ne yanzu, baƙin mai yana kama ƙura ya zama kamar yashi mai danƙo, ya ci sarƙa da haƙoran duka, ya kuma ɓata kayan bikin da ka ɗinka. Goge sarƙa da tsumma, in ta yi datti sosai da ɗan kananzir, bar ta ta bushe. Ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda baya sau goma, sai ka goge na waje tas. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, sai dai man ɗinki ba shi da kauri, in an wanke keke a sake sawa. Kar mai ya taɓa rim ko robar birki. Kar kuma a kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwan inji, yana kore giris daga boris. Bayan mako na farko a sake bin notin wili, na feda da na kan keke da sifana, don sabon ɗauri yana saki, wayar birki ma tana miƙewa.

Ticha, Asawase: A ina za a ɓoye shi har ranar? Ɗaki ɗaya da baranda ba ya ɓoye keke.

Masta Mai Keke, Aboabo: A bar shi wurin mai gyaran da ya yi sabis ɗin, a rubuta suna a takarda a ɗaura a kai, a ɗauko da yammacin 24 kafin ya rufe. A tambaye shi ƙarfe nawa zai tashi ranar, don wasu tun la'asar suke kullewa.